Abin da Aka Yanke

Shekara talatin da ɗaya ina hawa turoturo
daga Nima zuwa gidan waya,
ban taɓa biyan kowa ya nuna mini bango ba.
Ramlatu ce ta cusa mini tikiti a jaka:
"Inna, ki je. Ritaya ba takaba ba ce."

Mu tara muka taru gindin hasumiyar fitila,
teku na ta mita a bayanmu.
Jagoranmu Kwatei, siriri, shuɗi har cikin farce,
yana tafiya da baya kamar mai jan akuya,
bakinsa gare mu, ƙeyarsa ga Ankara.

Ga wata mata, tsayinta bene biyu,
kifaye na iyo a ɗankwalinta.
Ƙarƙashin haɓarta wata mai rai na ƙyafe kifin gaske,
damina uku hayaƙin yana ƙara mata kwalli.
Ga ɗan dambe a lungun Bukom,
taga ta faɗo daidai dunƙulensa:
in mai ɗaki ya buɗe don shan iska
sai hannun ya zama na gaisuwa.

Na tambayi wane ne ya yi jan rubutun can,
mai kwanan wata, a jikin shagon wanzami.
Kwatei ya yi dariyar da ba ta kai ido ba.
"Na hukuma ne, Hajiya. A tashi kafin ranar.
Shi ma ɗan sana'armu ne,
shi dai ana biyansa albashi."

Da azahar muka hau wani bene bisa masu ɗinkin koma.
Aka raba mana aska da tsoffin hotunan ƙirji na asibiti,
wai sun fi kwali jure jiƙa.
Na ɗaga nawa ga haske:
haƙarƙarin wani bawan Allah, sarai,
ko ya warke, ko bai warke ba.

Kowa ya zaɓi abinsa. Wata ta zaɓi kaguwa.
Ni na ciro Tanimu daga lalita,
hoton fasfo, shi da tabaransa,
shekara shida ke nan bai ƙara tsufa ba.

"Abin da kika yanke shi zai fito," in ji Kwatei.
"Abin da kika bari, shi ne ba za a gani ba."
Na ce, yaro, wannan karatun na riga ka.

Na bi gemu. Na bi hula.
Na zagaye tabarau kaf, da tsabta irin ta ma'aikata,
sai ido ya faɗo ƙasa, ɗan baƙin faifai,
ya gangara ƙarƙashin benci.
"Ba ki bar gada ba.
Kowane tsibiri sai da ɗan abin da ya riƙe shi."
Muka durƙusa, ni da jikan wani,
muna laluben idon mijina cikin ƙura.
Da zare biyu na salatif muka mayar.

Gwangwanin yana da tsakuwa a ciki,
ka girgiza ya yi caccaka kamar caki.
Na fesa da rowa, na fesa da tsoro,
warin ya hau mini kai.
Na ɗaga.

Ga shi a bangon bayan gida,
tsakanin kaguwa da wani zakara,
ido ɗaya ya karkace,
kamar yadda yake duban lissafin cefane.
Fenti ya zubo daga gemun, layi guda.
Ban goge ba.

Ƙarshen wata za su shafe bangon da fari,
wasu tara na zuwa.
Ban yi musu ba, ni ma tambari na buga har na gaji,
na san kowace wasiƙa tafiya take.

A turoturon komawa na samu gefen taga.
Na kara shi a gilashi, haƙarƙari da fuska,
masu lemo da masu burodi da jan fitilar Sakul
duk suna wucewa ta cikin idonsa.
Yaron mota ya taɓa ni: "Mutum nawa?"
Na biya na biyu.